Ɗakin Arzika

Ran da aka zauna gindin gawo
aka ce za a riƙa karɓar kuɗin kwana,
ni na fara miƙewa.
Na ce, tun kakana Nomau da ya kafa tungar nan
ba a taɓa auna wa baƙo tabarma ba.
Wa ke sayar da sannu da zuwa?

Sarkin Ruwa bai tanka ba.
Da haɓa ya nuna min gulbi:
Rima ya ja baya ya bar laka tana tsagewa,
jirage bakwai, huɗu a kife,
taru kuwa ƙullinsa ya fi idonsa yawa.
Na koma na zauna.

Gida goma sha ɗaya aka sa a littafi.
Tumba ke riƙe da shi, ita ta yi aji shida.
Kashi biyu na mai masauki, ɗaya na asusu.
Layi ya bi ƙofa-ƙofa kamar kwasar adashi
har ya iso tawa ran wata Laraba.

Ɗakin da ke gare ni na Arzika ne.
Shekara huɗu ke nan da ya hau motar albasa a Goronyo,
ya ce ruwa ya daina ciyar da kowa.
Goransa na su yana rataye inda ya bar shi.
Na share, na yi yaɓe, na sa turare.
Goran dai ban taɓa shi ba.

Baƙuwar malamar makaranta ce daga Zariya,
da takalmin da bai san laka ba,
da ruwan shanta a roba, sai ka ce namu na cizo.
Na zuba mata tuwon shinkafa miyar ƙurungu.
Ta zare ƙaya ɗai-ɗai kamar mai tsintar tsakuwa a gero,
sannan ta miƙo kwano, ba ko kara: a ƙaro.
Nan ta fara kwanta min.

Da asuba Bagudu ya kai ta duba mali.
Ta dawo jiƙe har ƙugu tana dariya,
karfasa biyu a hannu kamar ta ci gado.
Ta zauna wurin banda, hayaƙi na matse mata ido,
wannan fa? wancan fa?
Na ce balli. Na ce ragon ruwa.
Na ce gaiwa, mai shige ƙasa ta yi rani guda,
ba ta mutu ba, ruwa take jira.
Ta rubuta.
Ni da ban taɓa ganin maganata a takarda ba.

Dare na biyu ta tambayi goran.
Na ce na mai ɗakin ne.
Ta dube shi, ta mai da wayarta jaka.
Wannan ma na lura.

Ran tafiya ta ƙirga kuɗi a tafin Tumba.
Na shige madafa, ban iya kallo.
Amma na ƙunshe mata bandar tarwaɗa shida
a takardar siminti,
wadda babu ita a littafin kowa,
don in ta isa gida a san
wajen mutane ta kwana.

Yau jirage biyar ke bisa ruwa,
ƙusa da kwalta daga asusu suka fito.
Har yanzu ban ce Sarkin Ruwa ya yi daidai ba.
Shi ma bai tambaye ni ba.

Layi zai dawo bayan kasuwa tara.
Na wanke zanen gado na shanya bisa danga.
Jiya Arzika ya bugo, murya na yankewa,
na ce ɗakinka na yin baƙi yanzu.
Ya yi shiru har na zaci kuɗinsa sun ƙare.
Ya ce, Inna, goran fa?
Na ce yana nan.
Ba ya cikin kuɗin kwana.